Ku Nemo wa Shaidan Ɗana Tafinta Mai Jin Harshensa

Zuwa ga mai girma jami'i mai kula da 'yan ƙasarmu mazauna ƙasashen waje.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Hajo ce daga Matankari, mahaifiyar Sani, wanda ke gidan kaso a wata ƙasar Larabawa tun azumin bara. Sau biyu na zo ofishinku, aka ce in je a kira ni. Har yau shiru, shi ya sa na fito fili.

Na farko. Sani leburan gini ne. Wani abokin aikinsu ya faɗo daga saman bene ya rasu, mai aikin ya ce ɗana ya ture shi. Mutum guda ya ga abin da ya faru, Karim, ɗan Afganistan da suke cin tuwo kwano ɗaya. Shi ya ga katakon da mamacin ke tsaye a kai ya karye, Sani kuwa yana ƙasa yana kwaɓa siminti.

Na biyu. Da aka kai Karim gaban alƙali, sai aka kawo tafinta mai jin harshen Fashto, wai ai duk Afganistan ce. Karim Ba'uzbeke ne daga arewacin ƙasarsu. Uzbekanci ya sha a nono, harshen Dari kaɗan yake ji, Fashto ko gaisuwa bai iya ba. Tafintan ya yi ta magana, Karim na girgiza kai, aka rubuta cewa shaida bai ga komai ba. Ranka ya daɗe, da za a kama Bazabarme a kawo masa tafinta Babarbare don duk 'yan Nijar ne, za ka ce an yi shari'a? Sani ya gaya mini ƙasar su Karim ma haka take: Fashtun, Tajik, Hazara, Uzbek, kowa da bakinsa.

Na uku, wanda ya hana ni barci. Laifin da aka ɗora wa Sani na kisa ne. Takardun zaman Karim kuma za su ƙare bayan babbar Salla, a mayar da shi gida. In ya tafi, wa ya rage? Ya aiko mini da murya ta waya, da 'yar Hausar da Sani ya koya masa: "Inna, Sani babu laifi." Yana kuka. Yanzu duk wayar da ta yi ƙara sai in kasa ɗauka.

Roƙona biyu ne: ku sa a sake sauraren Karim da tafinta mai jin Uzbekanci, kuma ku nemi a bar shi a ƙasar har ya ba da shaida. Ban ce a saki ɗana don ni na haife shi ba. A dai ji abin da shaida ya ce.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare maka 'ya'yanka, kada ya nuna maka ranar da za su tsaya inda ba mai jin su.

Wassalam.
Hajo, mahaifiyar Sani, Matankari.