Ƙofar da Na Sauya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma ciwon bayan nan ya sake ka.

Na kasa zama wuri guda, shi ya sa na rubuto. Sabar kamfanin Baba, wato kwamfutar ajiyar bayanai da ka ɗora a intanet kafin faɗanku da shi, baƙi sun dame ta da gwada kalmar sirri. Baba ya ce in toshe ko'ina. Na hana shiga da kalmar sirri, na hana shiga da sunan babban mai iko da sabar, yanzu sai mai mabuɗin kwamfuta da aka yi wa rajista. Sannan ya ce in goge naka mabuɗin, ya juya ya ci gaba da shan shayinsa.

Da na duba tarihin shiga, sai ga ka. Kullum da safe kana shigowa, ka sabunta abin da ya tsufa, ka fita ba sallama. Ashe duk yabon da nake sha, guminka ne, munafuki! Na ɗora yatsa a kan madanni, na ɗauke, na zagaya ofis, na dawo. Ban goge ba. Wannan mabuɗin kaɗai ya rage tsakaninka da gidan nan.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Anti da yara?

Na gaya wa Baba gaskiya, cewa kai ke kula da sabar, kuma ban goge mabuɗinka ba. Tun ranar, kafin ya ajiye jaka sai ya tsaya bayan kujerata, wai yana duba fanka, ya tambaya ko an shigo. Ni kuwa kullum in ce a'a, don ka daina zuwa. Na ɗauka fushi kake yi ko rashin lafiya.

Yau na gano. Bayan waccan wasiƙar na sauya lambar ƙofar shiga sabar saboda baƙin nan, ban sanar da kai ba. Ka ƙwanƙwasa tsohuwar, ka ji ta a rufe gam, ka ɗauka an kore ka. Wallahi har kuka na yi.

Mabuɗinka na nan, ba wanda ya taɓa shi. Sabuwar lambar ita ce shekarar haihuwarka. Ba ni na zaɓa ba, Baba ne.

Don Allah ka shigo gobe. Na gaji da ce masa a'a.

Taka har kullum,
Auta