Ɗan Turmin da Kika Hana Mu Taɓawa

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwarta, ina fata Allah ya ƙara haske a makwancinki. Na zo kawo ƙarar mijinki ne, kuma ke ma kina da laifi a ciki.

Kin san aikina a ƙaramin asibitinmu na kusa da Wara. Ran kasuwa benci cika yake da tsofaffi, kuma da yawansu ba zazzaɓi ke kawo su ba. Jiki ne ya zube, tafiya ta koma jan ƙafa, tashi daga zaune sai an dafa gwiwa an kira sunan Allah. Kowa ka tambaya, tsufa ne. Kullum ina yi musu faɗa su ci abinci su motsa jiki, ashe ga nawa tsohon a gida yana ƙarewa ban lura ba.

Bayan rasuwarki Baba ya daina cin kifi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan taru a ruwan Kainji, wai ya gundure shi. Koko da safe, koko da yamma. Wandonsa sai da ya ƙara wa tazuge ƙulli. Ranar da na gan shi yana sallar farilla a zaune, Inna, na shiga ɗaki na yi kuka.

Asibiti kuwa ya ƙi, wai 'yar fari ba za ta duba shi ba. Sai da na yi alkawarin ɓuya a ɗakin magani, abokin aikina ya leƙa bakinsa. Haƙoran ciki babu ko ɗaya, kuma sun daɗe da tafiya!

Nan na tuna ɗan turminki na bayan gado, wanda kika ce na yaji ne. Na tuna yadda kike cewa, "Kwanon maigida ba a buɗe shi gaban yara." Ashe cire ƙaya kike yi, ki daka masa kifin ki ɓoye cikin miya, shi kuma yana ta cika baki a bakin ruwa. Ku biyun nan kun iya rufa asiri.

Na ɗauko turmin na wanke. Yanzu kullum ina daka masa tarwaɗa, in rufe kwano, in kori jikoki. Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Ya dai ce gishirina bai kai naki ba, sannan ya suɗe kwanon tas.

Juma'ar da ta wuce ya taka masallaci da ƙafarsa, ya yi sallarsa a tsaye. Shiga jirgin kamun kifi dai na hana shi tukuna, muna nan muna rigima.

Na yi kewarki, Inna. Allah ya jiƙan ki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya ba ki ladan kowane dakan da kika yi a ɓoye. Turmin yana bayan gadona yanzu, kuma na gaya wa yara na yaji ne.

Taki,
Hadiza