Cigiyar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar nema, a gaida Anti da yara. Na rubuto ne na bai wa direban motar safe, don duk sanda na kira ka a waya, kafin in kai aya sai ka ce kana da aiki.

Yau kwana biyar da Baba ya fita bai dawo ba, ni kuwa ina zaune da cikin wata tara, likita ya ce ko tasha kada in kuskura in je. Biro kaɗai ya rage mini, to da shi zan yi nawa neman.

Na ga takardar cigiyar da ka manna a gari. "Dattijo mai kamala, baƙi, matsakaicin tsawo, sanye da farar riga, yana fama da mantuwa." Don Allah ka leƙa ta tagar ofishinku ka ƙirga mini masu wannan kamar, yanzun nan za ka samu ashirin. Hoton da ka sa kuwa na zamanin da yake da kumatu ne, ni kaina sai da na duba sau biyu.

Shekara goma ina koya wa ɗalibai rubuta labari da waƙa, kuma abu ɗaya nake nanata musu har sun gaji da ni: yabo ba ya zama a ido. In ka ce mutum mai kamala ne, mai karatu ya gyaɗa kai ya wuce. In ka nuna masa abin da hannun mutumin ke yi, ya gan shi ke nan, ko a kasuwa ya haɗu da shi zai waiwaya. Ga tawa cigiyar:

"Ana cigiyar wani tsohon kafinta. Yatsansa manuni na hagu guntu ne, zarto ya ɗauke gaɓa ɗaya. Ba ya wuce ƙofa ko benci sai ya shafa gefensa da babban yatsa, ya sunkuya ya rufe ido ɗaya ya hango ko ya miƙe. In teburinku na rawa, zai ninke takarda ya cusa a ƙarƙashin ƙafarsa ba tare da ya tambaye ku ba. Yana saƙala kara a bayan kunne, a zatonsa fensir ne. In kun tambaye shi sunansa, awon katako zai faɗa muku."

Ka sa a buga wannan yau, kada ka bari sai gobe. Allah ya bayyana mana shi lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan kina samun sauƙin jiki, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso ni a kan lokaci.

Na je asibitoci uku, na je wurin 'yan sanda, na zaga tashoshin mota. Jiya na shiga ɗakin ajiye gawa, aka buɗe mini mutum huɗu, ba ya cikinsu, alhamdu lillahi. Na faɗa miki wannan ne don ki san ba zaune nake ba.

Game da cigiyarki, Malama Marubuciya, ba zan buga ta ba. Wannan ba ɗaya daga cikin littattafanki ba ne, mahaifinmu ne. Mutumin da rabin unguwa ke zama a kan kujerun da ya ƙera, shi zan manna a bango in ce yana yawo da kara a kunne, bai san sunansa ba? Na nuna wa Kawu, ya ce tonon asiri ne, kuma na yarda da shi. In Allah ya dawo mana da Baba, da wane ido za a dube shi a layi? Ke kina nesa, ni ne zan riƙa jin abin da ake faɗa.

Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta sai da na rufe ƙofar ofis na ɗan jima. Shi ne sak, kamar yana tsaye a gabana. Abin da ya sa ma ba na son kowa ya gani ke nan.

Na ƙara buga tawa guda ɗari, na sa an ƙara girman hoton. Ki kwantar da hankalinki, ki kula da abin da ke jikinki.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Sannu da ƙoƙari, kuma da gaske nake. Na yi kuka da na karanta zancen ɗakin gawa, ban so ka shiga kai kaɗai ba.

Amma ka ji ni da kyau. Da bakinka ka ce ka gan shi kamar yana tsaye a gabanka. To abin da nake so mai shago da mai gadi da direban tasi su gani ke nan. Kai ka san shi shekara arba'in da biyar, su kuwa layi biyar ɗin nan kaɗai za su samu. Yau kwana bakwai, Yaya. Ba ya ɗauke da maganinsa, bai san ya ce yana jin ƙishi ba. Kawu yana da bakin maganar tonon asiri don ya ci ya ƙoshi a ɗakinsa.

Kuma ina abin kunyar? Mantuwa ta kwashe sunansa, ta kwashe namu, ta kwashe hanyar gida, ta kasa taɓa hannunsa. Abin da na rubuta shi ne abin da ya rage na Baba, kuma ni alfahari nake da shi. A wurinsa ma na koyi wannan rubutun da kake yi wa dariya. In ya aike ni ɗauko katako, bai taɓa cewa in ɗauko mai kyau ba. Cewa yake, mai ƙulli biyu a kai, wanda gefensa ya sha ruwa. Ban taɓa kawo masa wani daban ba.

Don haka ban jira izininka ba, ka yi haƙuri. Maigidana ya kai cigiyar tawa gidan rediyo da safe, za a karanta sau uku a yini. Ya kuma buga guda ɗari biyu, suna cikin kwalin da direba zai miƙa maka. Kada ka ɓata su a bangon banki. Ka kai layin masu katako, makarantu, shagunan ɗinki, duk inda akwai benci da tebur. In ka yaga su zan sake bugawa, in ka yi fushi da ni za mu shirya bayan an gan shi.

Allah ya ƙara maka ƙarfi.

Auta, mai taurin kan da ka sani

*

Auta,

Assalamu alaikum. An ga Baba, yana gida, ya yi wanka ya ci abinci. Ƙafafunsa sun kumbura, ban da wannan likita ya ce lafiya lau.

Wata mai shagon ɗinki ce a can ƙarshen gari ta kira. Kwana uku yana zama a barandarta tana ba shi abinci, takardata kuma na manne a bangon da ke kallon shagon, ba ta taɓa kawowa shi ne ba. Da ta ji taki a rediyo sai ta leƙa ƙarƙashin teburin keken ɗinkinta, ta ga takarda a ninke. Ke ce da gaskiya, na faɗa, kada ki sa in maimaita.

Bai gane ni ba. A mota ya ƙi zama, yana ta taɓa ƙofa, na rasa abin yi sai na ciro cigiyarki na karanta masa. Da na gama sai ya ce, "Wannan na san shi, aikinsa ba ya rawa. Yana da 'ya'ya kuwa?"

Na ce yana da biyu.

Ya ce, "To su zo su tafi da shi gida, ya gaji."

Allah ya sauke ki lafiya.

Yayanki