Kunkuru Ya Kai Lyon, Baba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana nan ma ba zan iya miƙa maka ita ba, ka san halina, sai dai in ninke ta in cusa cikin littafi. Amma tunda ba za ka gani ba, yau bakina zai buɗe.

Daga cikin Kunkuru nake rubuta maka. E, tsohuwar motar nan mai ɗaki a ciki da ka saya, wadda ka raɗa wa Kunkuru don gidansa na bayansa kuma ba ya sauri. Yanzu haka yana tsaye a gindin benen Gwaggo Rabi a unguwar Minguettes. Ya kai Lyon, Baba. Shekara biyu kana cewa bakansi mai zuwa, in an yi dogon hutu, za mu je gun ƙanwarka da shi, ga shi ya zo ba kai.

Bari in faro maka daga farko. Da Mama ta fita takaba sai ta ce a sayar da shi. Tun ranar da aka kai ka asibiti ba ta ƙara ɗaga labulen kicin ba, don tagar tana kallon filin da yake ajiye. Mijin Gwaggo, Alhaji Mudi, ya bugo waya ya ce ya samu mai saye a can. Aka tsai da magana: Yaya Hauwa za ta tuƙa mu, Mama ta gai da dangi na fitar takaba, mu bar shi a Lyon mu komo gida La Courneuve a jirgin ƙasa. Ban ce komai ba. Yaushe na taɓa cewa wani abu? Daga baya na roƙi Yaya mu ƙarasa aikin cikinsa kafin tafiya, na ce don mai saye ya ga kyau. Ƙarya na yi mata. A raina in Mama ta ga ya zama gida, ba za ta iya rabuwa da shi ba. A littattafan soyayyar da nake karantawa haka ake yi, mutum ya buɗe ƙofa, ya ga abu, zuciyarsa ta juya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk Asabar ɗin da kake leƙowa ɗakinmu kana kirana Uwata kana cewa in zo in riƙe maka bakin metir ɗin awo, ni kuma in ce ina da aikin lakwal, aikin makaranta, ba aikin lakwal nake ba. Littafin soyayya ne a tsakiyar littafin lissafi. Kuma ina jin kunyar Kunkuru. Ran da ka zo ɗaukata da shi a ƙofar lakwal, na gan ka sarai, na bi ta ɗaya ƙofar na hau bas. Da dare ka ce ka yi ta jira ba ka gan ni ba, na ce mun tashi da wuri. Ka yarda da gaske, ko dai ka rufa mini asiri ne?

To, ni da Yaya muka buɗe akwatin kayan aikinka. Wasu abubuwan ka gama su, mu dai koyo muka yi daga hannunka. Faifan ƙarfen nan da ka kafa a bakin ƙofa mai ɗan rami a tsakiya, sai da muka ga ƙugiyar buta a samansa muka gane wurin alwala ne, ruwan ya bi ta ƙasa ya fita ba ya jiƙa daɓe. Akwatin takalma ma a nan ka sa shi, don kada kowa ya wuce da ƙasa. Sauran kuwa da kuskure muka koya. Ran da Yaya ta fara zagaya unguwa da shi don gwaji, a kwanar farko durowa uku suka buɗe, cokula suka watse, tukunya ta gangaro har gindin kujerar direba. Yaya ta ce ashe shagon tireda take tuƙawa. Muka sa wa kowace durowa sakata, muka shimfiɗa roba mai kama abu a ƙasan kowace kanta, muka sa tsumma tsakanin faranti da faranti. Wuƙaƙe muka manna su a sandar maganaɗisu. Buhun shinkafa da jarkar ruwa da na ɗora a sama Yaya ta sauko da su, ta ce abu mai nauyi ƙasa yake zama, kusa da taya, in ba haka ba motar sai ta yi ta rangaji. Mun kuma gane cewa in za a dafa ko da shayi ne sai an buɗe tagar rufi, don rana ɗaya muka manta, washegari bango ya yi gumi, bayan katifa ya fara fumfuna.

Abu biyu ne ba mu gane ba. Na farko wata siririyar kanta a saman tagar gadona. Yaya ta ce ta kayan miya ce, muka jera kwalaben yaji da daddawa da kuka. Na biyu wani fili da ka bari a tsakiyar ɗakin, babu komai, sai babbar da'ira da ka zana da fensir a kan katakon ƙasa, da ɗan ramin ƙusa a tsakiyarta. Muka ce tebur mai zagaye ka yi niyya. Ni kuwa tebur bai dame ni ba. Na daɗe ina mafarkin benci irin na cikin labarai, inda yarinya ke naɗe ƙafa tana karatu ana ruwa a waje. Na haɗa shi da ragowar falankinka, na yi masa murfi, na zuba littattafaina duka a ciki, na ɗaure shi da ƙasa da bis, ƙusoshin nan na murɗawa, ashirin da biyu don kada ya motsa. Na yi alfahari da shi, wallahi. Har na ce da kana nan da ka yaba.

Ranar tafiya Mama ta shiga ta ƙofar gaba ta zauna kusa da Yaya. Ko sau ɗaya ba ta waiwaya ba. Duk labulen da na goge, duk kofunan da ba sa ƙara, a banza. Ina zaune a baya ina kallon ƙeyarta har muka wuce rabin hanya.

Sai aka sako ruwa, ga la'asar ta yi, ba mu yi azahar ba. Yaya ta tsaya a wani wurin hutawa na bakin babbar hanya. Ka san Mama da irin wuraren nan, ga ciyawa inda ake yawo da karnuka, ga idon mutane. Ka tuna tafiyar da ta yi salla a zaune a kujerar ƙaramar motarmu, ta wuni ba walwala? Dole ta zagayo ta shigo ta baya. Ta ga butar, ta tsaya jim, ta yi alwala a kan faifanka. Ta juyo da dardumarta a hammata tana neman inda za ta shimfiɗa. Babu wuri, Baba. Bencina ya cinye.

Nan idonta ya faɗa kan bakin layin fensir da ya leƙo daga ƙarƙashin bencin. Ta tambayi ko mene ne, na ce wurin tebur ne. Ta dube ni, ta ce yaushe na taɓa ganin ka ci abinci a tebur. Can ta ce akwai wata Asabar da ka ari dardumarta ka dawo da ita duk garin katako, ta yi ta faɗa, kai kuma ka yi ta murmushi ba ka ce ga dalili ba.

Ban jira an ce mini ba, na ɗauko turnabis, abin kwance bis. Bis ashirin da biyu, Baba, ni na ɗaure su da hannuna, ni na kwance su, Yaya na kwashe littattafai tana zubawa a gado a gaban Mama, bangon kowane da hoton da ban so a gani ba. Muka ture bencin gefe. Wayar Yaya ta nuna alƙibla a karkace, wajen kusurwar ƙofa. Mama ta shimfiɗa dardumar a karkace, sai ga kusurwoyinta huɗu sun zauna daidai kan layinka. Ta ɗan juya ta wani gefen, suka sake zama daidai. Ashe ka san mota ba ta da gabas ɗaya, duk inda aka tsaya sai alƙibla ta sauya, shi ya sa ka auna mata wurin da duk inda ta fuskanta zai ishe ta. Da na riƙe maka bakin metir ko sau ɗaya, ai da na sani.

Ta daɗe a sujadar ƙarshe. Mu ma muka yi tamu bayanta, ɗaya bayan ɗaya.

Da za mu tashi Mama ta ɗauki littafi ɗaya daga kan gado, na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta buɗe ba. Ta sauke kwalaben yajin nan daga siririyar kanta, ta tsai da littafin a ciki, ya shige kamar an ƙera shi dominsa. Ta ce ita ta ciro maka ɗaya daga ƙarƙashin matashina ka yi awo da shi. Baba, wanne ne? Ka buɗe shi? Ashe duk Asabar ɗin nan ka san irin lissafin da nake yi? Na jera littattafaina a ciki, na ɗaura igiyar roba a gaban kantar don kada su zubo a kwana. Ba duka kantar ta ɗauka ba, sauran suna cikin jaka.

Jiya bayan an ci abinci Alhaji Mudi ya ce mai saye zai zo da safe. Gwaggo ta dubi Mama. Mama ta ce a ba shi haƙuri. Iyakar abin da ta ce ke nan, sai ta juyo gare ni ta ce labulayen da na sa ba su da kauri, ana hango mutum daga waje, in mun koma gida za ta ɗinka wasu. Ba wanda ya ƙara tada zancen jirgin ƙasa. Ban san ko za mu iya riƙe shi har abada ba, Yaya ta ce birkinsa ma na son a duba. Amma jibi da shi za mu koma.

Bencin na bar wa Gwaggo, ta ce zai yi mata a baranda. Da'irar kuwa na shafa mata man katako mara launi don kada fensirin ya goge.

Ka yafe mini ƙofar lakwal. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya yalwata maka wurinka kamar yadda ka yalwata wa Mama nata.

Ɗiyarka da ba ka taɓa kiran sunanta ba don sunan mahaifiyarka ne,
Uwarka.