Igiyar da Aka Ɗaure wa Lami

Madarunfa, 9 ga Oktoba, 1977

Zuwa ga ɗana Alhassan, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau. An fara yankan gero, yaranka biyar suna zuwa makarantar lakwal, jaririya Hadiza kuma ta soma zama.

Maganar matarka Lami ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun ranar da aka yi mata aiki a Maraɗi bayan haihuwar da ta kusa kashe ta, tafintan likita ya ce maka "an ɗaure ta", ba ka sake shiga ɗakinta ba har ka tafi. Na san ka. Tsoro ka ji, ka ɗauka irin ɗaurin nan ne da ke hana kusantar mace, ko kuma za ka ji mata ciwo. Ita kuwa ta ɗauka ƙyama ce. Ba ta kitso, ba ta lalle, zannuwan da ka aiko suna nan a ninke. Ta ce mini ta zama juya, kuma da an gama kaka za ta koma gidansu a Safo.

Ni ba na aike a tambayo mini. Na shiga mota da kaina, na sami likitar, wata mace 'yar ƙasar Sin, na yi mata magana da Faransanci ba tare da tafinta ba. Ta ce hanyar ƙwai kaɗai aka ɗaure. Jinin al'ada na nan, sha'awa na nan, babu abin da ya hana miji da mata. Ta ƙara da cewa ita ma an yi mata bayan ɗanta na biyu, kuma a garinsu matan da suka fi damuwa su ne waɗanda mazansu suka yi shiru.

Uwarka kunya ba za ta bar ta ta faɗa maka ba, ni kuwa gwaggo ce. Rashin sani ya fi dare duhu, amma yanzu ka sani. Ka zo kafin a rufe rumbuna. Igiyar da likita ta ɗaure ba za ta kwance ba. Wadda liman ya ɗaura muku ita ce ke neman kwancewa.

Ka gaishe da abokinka Maman da iyalinsa. Uwarka da ƙanwarka Kulu suna gaishe ka. Lami ba ta ce in gaishe ka ba, ni kuma ba na rubuta ƙarya.

Gwaggonka,
Hauwa