Ni Nake Yi wa Habu Zuga

Assalamu alaikum Maigida,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba. Amma wa zan gaya wa? Mutanen garin nan kowa da abin da ke cin sa.

Tun da aka kai ka, maƙerarka ta mutu. Kai ka fi ni sanin ƙasarmu ta Dutsi: rabi gona, rabi pa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, tsakuwa tana cinye fartanya kafin a gama noman farko. Da haka ka ci da mu, da haka gidaje da yawa suka ci. Mai zuga, mai dukan masaba, masu ƙona gawayi a bayan dutse, masu sassaƙa ƙota, har matan da ke kawo fura bakin rumfarka. Da ranka ban taɓa lura da yawansu ba, sai da suka watse.

Ɗanmu Habu ya yi ƙoƙari, kada ka ga laifinsa. Ƙarfe ya yi tsada, itacen gawayi ya ƙare a tuddan nan, ga fartanyoyi masu arha ana jibgewa a kasuwar Daura. Malam Idi mai zuga ya tafi ci-rani Kudu, har yau ba labari. Lawal, wanda kake yabon ƙarfin masabarsa, zaman banza ya kai shi ga satar awakin mutane. A kotun Shari'a aka yi masa bulala a gaban jama'a, aka wuce da shi gidan yari. Uwarsa ta daina fita ko suna.

Da Habu ya ga hatsi ya ƙare a rumbu, ya rufe rumfar ya bi masu fasa dutse, waɗanda tifa ke zuwa kwasar abin da suka fasa. Na hana shi, ya nuna mini 'ya'yansa, na ƙyale shi ya tafi. Suna hura wuta a kan pa don ya tsage, su bi da guduma. Ran nan da hantsi wani ɓari ya zamo ya danne masa ƙafa. A kan amalanke aka sauko da shi. A asibiti aka yanke ta daga gwiwa.

Maigida, da kana nan, da ya hau dutsen nan?

Habu ya daɗe a ɗaki ba ya fitowa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo neman uwar maƙerarka, wadda ka gada wurin Baba. Na kore su, ko da yake ranar ba mu ɗora tukunya ba. Da labari ya kai masa, sai ya ja jiki da sanda ya je ya buɗe rumfar, tunda ƙira a zaune ake yin ta. Sai dai babu mai zuga. Mazan duk sun tafi.

Ni nake yi masa. Ni, da tsufana, a tsakiyar maƙera, zuga-zugi a hannu. Mata suna magana, liman ma ya aiko a hankali. Na ji, ban fasa ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kullum ina yi maka mitar baƙin gawayi a riga da ƙarar da ke hana ni barcin rana. Wallahi ƙarar nan ce take kwantar mini da hankali. Ko ina bakin rijiya nakan bambance dukanka da na kowa. Kunya ta hana ni faɗa, har ka tafi.

Fartanyar farko da ya ƙera ta fito a karkace. Ƙarfina ba ya kai wutar inda take so. Ba wanda ya saya. Damina ta kusa, kafaɗata ba ta ɗaguwa da safe, ban san ko za mu kai kaka ba. Gobe dai za mu sake hura wuta.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haɗa mu a inda babu wahala. Sai na zo.

Matarka,
Hajara