Sunan da Inna Ta Kasa Faɗi a Ƙofar Kaso

Dogon Dutsi, Lahadi bayan azahar.

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, gawon da ke yi mini inuwa sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe ganye. Maigidana, abin tinƙahona, Munkaila ɗan mutanen Lugu. Sallama a gare ka, da gaisuwa mai tarin yawa daga matarka wadda ta yi kwana uku ba ta san ɗanɗanon abinci ba saboda kai.

Haba Munkaila! Haba mai raina! Kwano uku? Ranar Juma'a na kai maka tuwon hatsi da miyar kuka, na ajiye a teburin ƙofa kamar yadda aka saba, ya dawo mini yadda na tuƙa shi, in ban da ramin cokalin gardi, mai gadin kason da ke bincike. Na ce wataƙila zazzaɓi ne. Asabar na yi maka kopto, kwaɗon ganyen nan, na zuba ƙuli-ƙuli har ya yi yawa don na san halinka, shi ma ya dawo. Yau na dama fura da hannuna, ga ta nan a gabana tana tsami ina rubuta maka wannan takarda. Da ciwo ne, da 'yan ɗakinku sun cinye sun lashe kwanon, don wa zai bar fura ta fita daga kaso? Kai ne ka hana su. So kake in gani, so kake in sani. To na gani, na kuma sani, ya shige ni har ƙashi.

Na san abin da ke ranka, ba sai an faɗa mini ba. Wata biyar ke nan tun da aka kama ka da jarkokin esansi, fetur ɗin sumoga, a hanyar Kiyeshe, shari'a tana ta jan ƙafa. Wata uku ke nan cur tun da cutar nan ta korona ta sa aka rufe ziyara, ban sa ka a idona ba, ba ka sa ni a naka ba. Da aka ce an buɗe, mutum ɗaya ga kowane ɗan kaso, ranar Alhamis, minti goma, na rubuto maka da hannuna cewa ni za ka gani. Na san ka yi wanka, na san ka sa rigar nan mai ruwan ƙasa da na ɗinka maka. Na san ka zauna kana jin ana kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya har rana ta karkata, naka bai fito ba. Wayyo Allah! Me Shaiɗan bai raɗa maka ba a ranar? Cewa Khairiyya ta gaji? Cewa 'yar birni ce, dama ba ta iya jira ba?

Ka saurare ni, don Allah, ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci. Ko alƙalin da kake jira ai zai bari ka yi magana.

Ranar Laraba da la'asar ina kan keke ina ɗinkin takunkumi, sai na ji sallama. Inna ce, mahaifiyarka. Daga Lugu ta hau amalanke har bakin hanya, daga nan motar 'yan kasuwa, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya yi musu zane. Ta shigo da ɗan buhun hatsi da daudawa a ƙulle a bakin zane. Ta sha ruwa, ta tambayi lafiyata, ta tambayi mutanen gidanmu, ta tambayi kajina, har akuyar maƙwabta sai da ta tambaya. Kai ne kawai ba ta tambaya ba. Cewa ta yi ta zo ganin gari ne. Ganin gari, Munkaila, tsohuwar da rabonta da Dogon Dutsi tun bikinmu! Amma duk sa'ad da na ambaci gobe Alhamis sai hannunta ya tsaya a kan abin da take yi. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ta yaya zan wuce ta gabanta in tafi ganin ɗan da ta haifa, in bar ta tana gadin gida? Da wane ido? Na haɗiye abin da na haɗiye, na ce mata ita za ta shiga. Sai kawai na ga ta fito da zanenta na fita ta shanya shi a igiya.

Ga inda na yi wauta, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Saboda cutar, yanzu ba a karɓar takarda daga hannu zuwa hannu a ƙofar. An shata layuka a ƙasa da farar ƙasa, mai ziyara ya wanke hannu a bokiti, ya tsaya nesa da tebur da takunkumi a baki, ya ɗaga murya ya faɗi sunan wanda ya zo gani, gardi ya duba littafinsa ya aika a kira. Mu 'yan rakiya kuwa an tsayar da mu a ƙetaren titi, bayan igiya, ƙarƙashin itacen bedi. Na san duk wannan, na kuma san kai ne ɗan farinta. Shekara biyu ina aurenka ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai "wancan", sai "mai gidan naku". Amma ni da na tashi a gidan da babanmu ke cewa kunyar ɗan fari al'ada ce kawai, na ɗauka abu ne da ake ajiyewa in ta ɓaci, kamar yadda ake tuɓe takalmi. Ko a raina ban kawo ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ina hange daga nesa. Na ga layi ya zo kanta, na ga ta miƙa takardar da ta sa na rubuta mata sunanka ban gane dalili ba, gardin ya girgiza kai ya nuna bakinsa. Na ga ta sunkuyar da kai. Abin da aka ce ban ji ba, sai daga baya wata baiwar Allah mai suna Kubra, wadda ke bayanta a layi, ta ba ni labari. Sau uku ya tambaye ta sunan, kuma wallahi bai yi mata tsawa ba. Inna ta ce yaron nan na Lugu. Ya ce 'yan Lugu huɗu ne a ciki. Ta ce mai moto, dogo. Ya ce shi suna ke cikin littafinsa, ba tsawo ba. Mutanen baya suka fara guna-guni, rana ta take, kowa yana tsoron lokacinsa ya ƙare. Kubra ta ce ta ga takunkumin Inna yana motsi, bakin yana so, amma ko sauti bai fito ba. Sai kawai ta juya ta fita daga layin da kanta.

Na yi kururuwar sunanka daga bayan igiya, Allah ne shaidata, har mata suka juyo suna kallona. Wata babbar mota ce ta ratsa tsakaninmu, kafin ta wuce wani ya riga ya tsaya a gurbin. Na roƙa a bar ni in shiga a madadinta, aka ce sunan mai ziyara da aka rubuta da safe ba a sake shi, sai mako mai zuwa. Haka muka dawo gida, tana gaba ina baya. A bakin ƙofa ta ce mini rana ce ta yi mata yawa.

Za ka ce me ya hana in aiko maka da saƙon baki ta wurin mai karɓar kwanuka. Na gwada, ya ce shi abinci yake karɓa, ba ɗan aike ba ne. Kuma ka duba, a teburin nan sai ka ɗaga murya ake jinka, ga mata jere a baya. In tsaya in shelanta wa Dogon Dutsi cewa Inna ta kasa? Gara ka yi fushi da ni. Ita kuwa wannan takarda, na san sai ta kwana uku a kwali cikin rana saboda cutar kafin a yarda a taɓa ta. Laraba za ta iso hannunka. Kwana uku kuma na yunwa, da cikin nan naka da ke ƙuna in ka yi jinkirin karin kumallo! Da me za ka tari cuta in ta shigo, ku da kuke kwana kafaɗa da kafaɗa? Lomar da ake ba ku sau ɗaya a wuni ce za ta riƙe ƙato kamarka? Wannan fa shi ne fushin da mai shi ke fara ci. In ni kake son horarwa, ka nemo wata hanya, ka bar mini jikinka lafiya.

Kai da kanka, ka manta wace ce ni? Ka manta lokacin da kake kawo mini wando ɗaya gyaran aljihu sau uku a wata guda, har na gane da hannunka kake farke shi? Ka manta ranar da ruwan farko ya sauka bayan bikinmu, ka ɗauke ni a moto zuwa gindin dutsen Tozon Bijimi, ƙasa tana ƙamshi, moton ya mutu a cikin taɓo muka turo shi tare, kana cika baki wai bai taɓa yi maka haka ba? A ranar ka ce mini kai mutum ne mai saurin fushi, in na ga ka ɗaure fuska in yi maka haƙuri. Na ce na ji. Ina nan a kan na ji. Matar da ta turo moto da lallen amarci a ƙafa ba ta gudu don an rufe ƙofa.

Yanzu ga babban zancen.

Jiya Asabar da hantsi na dawo daga kai kwano, na shigo ba sallama don raina a ɓace yake. Sai na ji motsi a bayan zana, wurin turmi. Inna ce ita kaɗai, tana magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauka addu'a take, ko iskokin nan nasu na Lugu take kira. Da na kasa kunne sai na ji farkon sunanka take faɗi, ta tsaya, ta sake, ta tsaya, kamar mai tsallake rijiya. Ta fi sau goma. Can sai ta faɗe shi duka, sannan na ji ta fyace hanci da bakin zane. Na koma waje da sanɗa, na daɗe a zaure, sannan na yi sallama da ƙarfi kamar yanzu na iso. Ba ta san na ji ba. Kai ma, don girman Allah, kada ka taɓa nuna mata ka sani.

Yau da safe ta ɗaure kayanta, ta ce damina ta kama, gona tana jira, Alhamis mai zuwa tawa ce. Munkaila, ka san me na ji? Daɗi na ji. Ba zan yi maka ƙarya ba, daɗi ya cika ni har na ji kunyar kaina. Ga shi kuma gari ya ɗauka cewa an sami masu cutar a asibiti, wai bayan wannan Alhamis za a iya sake rufe ziyara, ba wanda ya san sai yaushe. Ina son ganinka kamar yadda shuka ke son ruwa in an yi kwana ashirin ba hadari. Ina son in ga ko ka rame, in ga idanunka ko da sauran fuskar tana rufe, in ji ka ce mini ko da baƙar magana ce. Minti goma! Da ana saye da na sayar da keken ɗinkina.

Amma na kwance ƙullin kayanta na mayar ɗaki. Na ce mata ciwon kai ke damuna, ba zan iya tsayuwar layi ba, ta taimake ni ta tsaya mini. Ta kalle ni, ta san ƙarya nake, ni ma na san ta sani.

Saboda haka, hasken gidana, ranar Alhamis ma ba ni za ka gani ba, kuma wannan karon na faɗa maka tun da wuri. Ina ƙetaren titi bayan igiya, tun kafin a buɗe har a rufe. Abu biyu nake roƙo. Ka ci abinci daga ranar da wannan takarda ta same ka, kada tsohuwa ta ƙirga haƙarƙarinka ta cikin riga. Na biyu shi ne wanda ke hana ni sukuni: in an kira ka, ka fito. Kada zuciya ta ɗebe ka ka ce ba ka son ganin kowa, ka ɗauka ni ce na zo da makara. In ka ƙi fitowa, Munkaila, ta yi a banza, kuma ba ta da na biyu. Shekara talatin da ɗaya tana riƙe da sunan nan a bayan haƙoranta, za ta sake shi a gaban baƙi, da ƙarfi, don kawai ta tsaya nesa da kai minti goma tana kallon ƙasa. Ba za ta ce ta yi kewarka ba. Wataƙila hatsi za ta yi maka zance, ko akuya. Ka amsa mata zancen akuyar.

Ni kuwa rabona yana nan, ko wata nawa za a ƙara. Ban da wani miji a duniya sai kai, ban kuma roƙi Allah wani a lahira ba.

Taka, wadda ke jira a inda ka bar ta,
Khairiyya.